Karatun Adana Gine-ginen Tarihi Bayan Digiri na Farko

Wanda ya gama digiri a zanen gini, injiniyanci ko tarihi yana iya zurfafa karatu a kan yadda ake kula da tsohon gini ba tare da an ɓata asalinsa ba. Jami'ar York a Ingila tana koyar da wannan a matakin digiri na biyu, cibiyar ICCROM da ke birnin Roma kuma tana horar da ƙwararru.

Ɗalibi ba ya fara da gyara. Sai ya auna ginin, ya zana shi, ya bi tarihinsa, ya gano ta inda ruwa ke shiga. Idan an zo gyara, Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta tanadi cewa duk abin da aka ƙara a iya bambanta shi da na asali.

Ginin ƙasa ne ya fi damuna. A Grenoble ta Faransa, cibiyar CRAterre da aka kafa a 1979 ta mayar da laka fannin karatu sukutum. A nan ɗalibi ke gane illar shafe bangon ƙasa da siminti: danshi ya rasa hanyar fita, bango ya ci gaba da rugujewa daga ciki alhali fuskarsa tana nan sumul. Hasumiyar masallacin Agadez mai tsawon mita 27, wadda UNESCO ta sanya tsohon garinta cikin jerin kayan tarihin duniya a 2013, irin wannan sani take buƙata. Haka ganuwar Kano, wadda zaizayar ruwa da masu haƙar ƙasa suka cinye wurare da dama a jikinta.