Da tsohuwar zuma ake magani

A wannan fitowa za mu yi magana a kan kiwon zuma, da abin da sabon akwati yake nema wurin tsohuwar amya.

Bara da bazara ina rangadin makarantun yaƙi da jahilci a kudancin Damagaram, sai na sauka wani ƙauye. Samari suka kai ni bayan gari don in ga akwatunan zuma da wani furoje ya ba su. An jera su a fili, da rufin tol, rana tana dukansu. Muka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Babu zuma, sai ƙadangare da saƙar gizo. Samarin suka ce akwatin bai karɓi ƙasarsu ba.

Kusa da wurin akwai wata babbar tsamiya. A kanta akwai amya uku na wani dattijo, ƙudan zuma suna ta shiga da fita. Na je na gaishe shi, na ce: "Baba, yaya aka yi taka ta cika, ta yara babu kome?" Ya yi murmushi, ya ce: "Mushe, ai ba wanda ya tambaye ni. Sun ce aikina na da ne."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Akwati mazubi ne kawai. Sanin da ke kawo zuma cikinsa, ya kuma zaunar da ita, yana wurin tsofaffi. Su kuwa kullum raguwa suke yi.

Akwatin zamani jikan amya ne

Kiwon zuma ya daɗe a duniya. A ƙasar Masar akwai zane a bangon dutse da ya kai shekara wajen 4400. Yana nuna mutane suna aiki a bakin amyar laka, suna fid da zuma, suna tace ta. Aikin ya yi kama da na kakanninmu.

A shekarar 1682 wani matafiyi ɗan Ingila, George Wheler, ya rubuta abin da ya gani a ƙasar Girka. Manoman can suna saƙa amya kamar kwando, mai faɗin baki da tsukakken gindi. Sai su jera sanduna a bakin kwandon. Ƙudan zuma suna rataya saƙarsu a jikin kowane sanda. Mai amya yana ɗaga sanda ɗaya, ya duba, ya mayar, ba tare da ya ɓata gidan ba.

A shekarar 1851 wani Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya lura da wani abu. Ƙudan zuma suna barin hanya tsakanin saƙa da saƙa, mai faɗin milimita 6 zuwa 9, wato kusan kaurin bik ɗin da kuke rubutu da shi. In ratar ta kasa haka, sai su liƙe ta da ƙaro. In ta fi haka, sai su gina saƙa a ciki. A kan wannan ma'auni ya ƙera akwatinsa mai firam.

Daga baya, wajen 1971, masana na jami'ar Guelph ta Kanada da abokan aikinsu na Kenya suka haɗa dabarun nan biyu. Suka fito da dogon akwati mai sanduna a sama, mai faɗin baki da tsukakken gindi. Shi ne ake kira akwatin Kenya, wanda furoje da dama suka kawo ƙasarmu. Ashe abin da muke kira na zamani, daga kwandon manoma ya samo asali. To, don me za mu raina amyar gida?

Abu huɗu da za mu koya wurin tsofaffi

Na farko: turare. Mai amya ba ya ɗora ta haka kawai. Yana shafe ta da kashin shanu, ya shanya, ya turara cikinta, ya goga mata kaki. Kowane gari da irin haɗinsa: wasu ɗaɗɗoya, wasu ƴaƴan kalgo, wasu ciyawa mai ƙanshi. Wannan ba camfi ba ne. Masana sun gano cewa ƙudan zuma suna fid da wani ƙanshi daga jikinsu don su kira ƴan uwansu zuwa sabon gida. Ƙanshin ya yi kama da na ciyawar nan mai ƙanshin lemu da ake sa wa shayi. Sun kuma fi son wurin da ke da ƙanshin kaki, domin alama ce an taɓa zama a ciki. Sabon akwati kuwa warin katako da fenti yake yi. Saboda haka a turara shi kamar amya. A narka kaki, a ja layi da shi a tsakiyar kowane sanda, don saƙar ta bi layin.

Na biyu: wuri. Ba ku taɓa ganin dattijo ya ajiye amya a rana ba. Ƙudan zuma suna riƙe zafin ɗakin ƴaƴansu wajen digiri 35. Da bazara zafin ƙasarmu yana wuce digiri 40. Ciyawa da kashin shanu suna tare zafi, tol kuwa tara shi yake yi. In zafi ya yi yawa saƙa tana yin laushi ta faɗi, zuma ta yi ƙaura. A sa akwati cikin inuwa, a ɗora zana ko ciyawa bisa rufinsa. Kada bakinsa ya dubi gabas, domin daga can hadari da iskar ɗari suke tasowa. Taron zuma mai neman gida a sama yake dubawa, shi ya sa ake ɗora amya kan itace. Ana iya ɗora ƙaramin akwati a reshe, in zuma ta shiga a sauko da shi da dare. A ajiye kaskon ruwa kusa, a sa duwatsu ko karare a ciki don kada su nutse. A zuba toka a gindin ƙafafun akwati saboda tururuwa. A nisanta shi da gidaje da rijiya da turken dabbobi, gama zumarmu mai faɗa ce.

Na uku: lokaci. Dattijo ya san furen kowane itace da watansa. Magarya tana fure a ƙarshen damina. Gawo yana bi da kaka, sa'ad da sauran itatuwa suka fara zub da ganye. Mangwaro da kaɗe suna yi da ɗari. Ɗorawa da dogon yaro suna zuwa da rani. Daga nan yake sanin lokacin ɗora amya, da lokacin ɗiba, da lokacin da zuma take cikin yunwa har bai kamata a taɓa ta ba. Littafin da aka rubuta a Turai ba zai gaya muku wannan ba, domin furanninsu da lokutansu daban ne. Ko tsakanin Gaya da Magarya akwai bambanci.

Na huɗu: lura. Mai amya ba ya ganin cikinta, saboda haka ya koyi karanta ta daga waje. In ya ga ƙudan suna dawowa da garin fure a ƙafafunsu, ya san akwai ƴaƴa. In ya ga sun yi cincirindo a baki, ya san zafi ne ko gida ya cika. Yana ɗaga amya kaɗan ya ji nauyinta. Mai akwati ma yana bukatar wannan ido. Zumar ƙasarmu ba ta son yawan buɗewa. Wanda ke buɗe akwati kullum don ya gani, shi da kansa zai kore ta.

Abin da ya kamata mu bari

Ba duk abin da muka gada ne mai kyau ba. Babban aibi shi ne ɗibar zuma da wuta. Harshen wuta yana ƙone ƙudan, yana sa zuma ƙauri, wani lokaci ya tad da gobarar daji. Abin da ake bukata hayaƙi ne mai sanyi, na busasshen kashin shanu ko ƙaiƙayi, cikin gwangwani mai zuga-zugi. Maƙerin gari yana iya yin sa. Hayaƙi yana rufe warin da ƙudan suke yi wa juna gangami da shi, sai su lafa.

Aibi na biyu shi ne kwashe kome. A cikin kowane gida akwai babba ɗaya da tsofaffi suke kira sarki. Bincike ya nuna mace ce, ita ce uwar gidan duka, ita kaɗai ke yin ƙwan da ke zama ma'aikata. In ta mutu a wurin ɗiba, aka kuma kwashe ƴaƴa, gidan ya mutu ke nan. A nan akwati ya fi amya. Ƴaƴa suna kusa da ƙofa, zuma tana baya. Sai a ɗaga sandunan baya, a yanki saƙar da aka rufe bakinta da kaki, a bar ta ƴaƴa. A bar musu abincin da zai kai su wani fure. Wurin yanka a rage ɗan kaki a jikin sanda, don su ɗora sabon gini a kai. Ga kafinta kuma gargaɗi: faɗin kowane sanda milimita 32 ne ga irin zumarmu. In ya kuskure, saƙa za ta haɗe, akwatin ya zama amyar katako mai tsada.

Aibi na uku yana wurin tacewa. Zumar da ba a rufe ba tana da ruwa da yawa, tana yin tsami. Kada a matse ta tare da ƴaƴa, kada a dafa ta a wuta. A tace da ƙyalle mai tsabta, a zuba cikin busasshen mazubi da bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba. Kada a zub da kaki, kuɗi ne: dukawa suna sayensa, maƙeran azurfa na Agadas ma da shi suke zubi.

Ga iyaye mata kuma: kada a ba jariri zuma sai ya cika shekara 1. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, wadda ke shanye jiki.

Riba ba ta tsaya ga kwalba ba

Ƙudan zuma suna kai garin fure daga fure zuwa fure, shi ke sa shuka ta yi ƴaƴa. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan gonakin Burkina Faso ya nuna cewa in aka hana ƙwari masu wannan aiki isa ga furen riɗi, amfanin yana raguwa da fiye da rabi. Saboda haka mai fesa magani a gonar wake ko riɗi ya bari sai yamma lis, sa'ad da zuma ta koma gida, ya kuma sanar da maƙwabcinsa mai amya.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa, zuma ta ragu, sana'ar ta ja baya. Amma tun daga 1983, da sassaben zamani ya fara a jihar Maraɗi, manoma suka dawo da itatuwa a gonaki. An ƙiyasta filin ya kai hekta wajen miliyan 5. Itatuwa sun dawo, fure ya dawo. Abin da ake tsoro yanzu shi ne masu sanin su tafi da saninsu.

Aikin da ke gabanmu

Kafin in bar ƙauyen nan na roƙi samarin su je wurin dattijo da goronsu, su zauna su saurara. Roƙon da nake yi muku ke nan. Yau kun iya riƙe alƙalami. Ku sami kaye ɗaya, ku je wurin mai amyar garinku, ku tambaye shi cikin ladabi:

1. Da me yake turara amya, kuma yaya yake haɗawa?
2. Waɗanne itatuwa zuma ta fi so, a wane wata suke fure?
3. Yaushe zuma take shiga, yaushe take ƙaura?
4. Da wace alama yake gane ta nuna?

Ku rubuta amsarsa, ku karanta a aji, ku gwada a akwati ɗaya kusa da amya ɗaya, ku rubuta abin da kowanne ya bayar. Ku kuma nuna wa dattijon yadda ake ɗiba ba da wuta ba. Shi yana da sani, ku kuna da akwati da rubutu. In kuka haɗa hannu, zuma za ta zauna. Allah ya ba mu damina mai albarka.