KARE HANYAR KAN DUTSE DAGA ZAFTAREWAR ƘASA: MISALI DAGA SIKOTLAND



Kafin mu shiga cikin batun, ya kamata mu raba kalmomi biyu waɗanda ake yawan cakuɗa su, har a takardun ofis. Zaizayar ƙasa ita ce cin da ruwa ko iska ke yi wa ƙasa sannu a hankali, shekara da shekaru, har ta zama kwazazzabo. Zaftarewar ƙasa kuwa farat ɗaya take aukuwa, watau wani ɓangare na gangaren dutse ya ɓalle, ya sulalo da laka da duwatsu da duk abin da ya tarar a gabansa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma a kan ta biyun za mu yi magana.

Misalin da na zaɓa wata hanya ce a yammacin ƙasar Sikotland, wadda ake kira A83. Ta taso daga Tarbet, a bakin tafkin Lomond, ta bi ta Inveraray, ta dire a Campbeltown, tafiyar kusan mil 100. Ta nan ne manyan motoci ke ɗauko katako da kifi daga lardin Argyll, ta nan kuma marasa lafiya ke bi zuwa manyan asibitocin Gilasgo. A cikin kwarin Glen Croe hanyar ta hau wani tudu mai suna Rest and Be Thankful, ma'ana a huta a yi godiya. Sunan ya samo asali ne daga rubutun da aka yi a jikin wani dutse bayan sojoji sun gama tsohuwar hanyar wurin a tsakiyar ƙarni na 18. Wannan tsohuwar hanya tana nan a ƙasan kwarin, sabuwar kuwa an yanka ta ne a jikin gangaren wani dutse da ake kira Beinn Luibhean, kuma a nan matsalar take.

Me ya sa gangaren ke zaftarewa? Saman dutsen lulluɓe yake da sakakkiyar ƙasa da tsakuwa, akasarinsu tarkacen da ƙanƙarar zamanin da ta bari bayan ta narke. Abin da ke riƙe wannan ƙasa a wurinta shi ne cizon da ƙwayoyinta ke yi wa juna. Idan aka yi kwanaki ana ruwa, sai ruwan ya cika 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin, ya ƙara wa ƙasar nauyi, sa'an nan ya riƙa tura su yana raba su da juna, har cizon ya yi rauni. Duk wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa ta zube a tsakiyar damina ya ga ƙaramin misalin wannan. Bambancin shi ne a gangaren dutse ƙasar da ta saki takan faɗa cikin koramu, ta gauraya da ruwa ta zama kamar kunu mai kauri, ta gangaro da gudu ɗauke da duwatsun da wasunsu sun kai girman mota. Ga shi kuma yammacin Sikotland na daga cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Birtaniya, sa'an nan shekaru aru-aru na kiwon tumaki sun bar gangaren ba itatuwa.

Tun daga zaftarewar shekarar 2007 hukumar sufuri ta Sikotland ta yi ta gwada dabaru. An kafa ragar ƙarfe mai ƙarfi a bakin koramun don ta tare duwatsu ta bar ruwa ya wuce. An haƙa manyan ramuka a gefen hanya, ta ɓangaren dutse, domin laka ta zube a ciki kafin ta kai ga kwalta. An gyara magudanan ruwa da kwalbatoci, an kuma sa na'urorin auna ruwan sama da motsin ƙasa, ta yadda za a rufe hanya kafin abin ya auku. A shekarar 2013 aka tanadi tsohuwar hanyar sojoji a matsayin madadi, amma da yake ƙunci gare ta, sai dai a tara motoci a wuce da su ayari-ayari, wani ɓangare na jiran wani. In kuwa ita ma ta rufe, to sai zagaye na kusan mil 60.

Ba za a ce waɗannan dabaru ba su yi amfani ba, domin kuwa sun tare laka mai yawa. Sai dai raga tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka, rami kuma idan ya cika ya tashi daga aiki har sai an yashe shi. A farkon watan Agusta na 2020, bayan wani ruwa mai ƙarfi, kimanin tan 6,000 na laka da duwatsu suka gangaro, suka binne A83, wani kaso ya zarce har tsohuwar hanyar da ke ƙasa. Ba a daɗe da buɗe ta ba, a watan Satumba, sai wata zaftarewar ta sake rufe ta. Wannan shi ya tilasta wa hukuma ta yarda cewa tare laka kaɗai ba zai fisshe ta ba.

A nan ne aka koma ga magani mai ɗorewa, kuma a ganina nan ne ya fi dacewa ma'aikacin gwamnati ya tsaya ya yi nazari. An fara da duba hanyoyi 11, har da masu kauce wa kwarin gaba ɗaya, sa'an nan a 2021 aka tsai da shawarar a zauna a Glen Croe. A cikin kwarin kuma aka auna zaɓi biyar. Akwai fafe dutse a bi da hanya ta cikinsa, wanda ya fi kowanne kariya amma ya fi tsada da cin lokaci. Akwai doguwar gada bisa ginshiƙai, wadda laka za ta riƙa wucewa ta ƙarƙashinta. Akwai kuma mayar da hanya ɗaya gefen kwarin, ko da yake shi ma gangare ne. A watan Yuni na 2023 aka bayyana wanda aka zaɓa: rumfar kankare mai tsawon kilomita 1.4 a bisa hanyar da ake da ita, tare da rami a bayanta, a kan kuɗin da aka ƙiyasta zai iya kai fam miliyan 470.

Hikimar rumfar ita ce ba ta yin jayayya da dutse. An bar shi ya zubo abin da zai zubo, ramin da ke baya ya karɓi laka da duwatsu, bango da rufin kankare su kare matafiya, ruwa kuma ya bi kwalbati ya wuce ta ƙarƙashin hanya. Ɓangaren da ke fuskantar kwari a buɗe yake tsakanin ginshiƙai, saboda haka haske da iska na shiga, kuma an tsara rufin yadda motocin yashe ramin za su iya hawa su yi aiki ba tare da an tsai da zirga-zirga ba. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, an daɗe ana gina irinta a duwatsun Suwizalan da Ostiriya don kare hanyoyi daga zubowar dusar ƙanƙara da duwatsu.

Amma fa zaɓin yana da nasa aibi. Tun da a kan hanyar da ake bi za a yi ginin, dole matafiya su daɗe suna bin tsohuwar hanya kafin a gama, abin da 'yan kasuwar Argyll suka yi ta kuka a kai. Saboda haka aka haɗa da aikin inganta ita tsohuwar hanyar. Har ila yau an shiga dasa itatuwan gida a gangaren, aka killace shi daga dabbobi, domin saiwa ta ɗaure ƙasa, ganye kuma ya rage ruwan da ke shigarta. Wannan ya fi kankare araha nesa ba kusa ba, sai dai yana bukatar shekaru gommai kafin ya yi tasiri, tsawon da ya wuce wa'adin kowace gwamnati.

Wani abin lura kuma ya bayyana a watan Oktoba na 2023, watanni huɗu kacal bayan sanar da rumfar. Ruwa kamar da bakin ƙwarya ya jawo zaftarewa a wurare da dama a kan A83 da wata hanya maƙwabciyarta, har sai da jirgin sama mai saukar ungulu ya kwashe mutum 10 da suka maƙale a tsakani. Da yawa daga cikin wuraren da suka zaftare a ranar, kamar na kwarin Glen Kinglas da ke gaba kaɗan, suna wajen kilomita 1.4 ɗin da rumfar za ta rufe.