Zanko da zaure ba alamar talauci ba ne

Da zarar mutum ya sayi fili ya fara shawarar yadda fuskar gidansa za ta kasance, idan ya ambaci zanko, ko zaure, ko shafen makuba, sai 'yan uwa su tare shi: "Haba Alhaji, Allah ya rufa maka asiri, kuma ka koma ginin ƙauye?" A ganinsu wannan fasali na wanda bai samu kuɗin bulo ba ne, kuma damina biyu ta isa ta kai shi ƙasa. Masu faɗar haka ba da mugun nufi suke yi ba. Sun ga katanga ta zube a watan Agusta, sun kuma sha wahalar yaɓe. Duk da haka ban yarda da hukuncin da suka yanke ba.

Mu fara duba abin da ake zaɓa a madadinsa. Rufin nan mai tsini da ya cika sababbin unguwannin Kano da Kaduna, wanda matasa ke nuna wa magini hotonsa a waya, shi ma asalinsa ginin karkara ne, sai dai karkarar wasu. A ƙasashen sanyi na Turai da Amurka an tsayar da rufi haka ne don dusar ƙanƙara ta zame, an kuma faɗaɗa tagogin gilashi don rana ta shigo ta ɗumama ɗaki. Mu da muke neman mafaka daga rana a watan Afrilu, me ya haɗa mu da tagar da ke gayyato ta? Ashe ba ƙauyanci aka guje wa ba, ƙauye kawai aka sauya.

Sai batun ƙarko. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Gidan Makama na Kano tun zamanin Muhammadu Rumfa aka kafa shi. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 har gobe masu karatun zanen gine-gine na zuwa kallonsa. Wanda zai ce ai waɗannan aikin sarakunan da ne, to ya je Yama a jihar Tawa. A can Falke Barmu, maginin ƙauye, ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan. Ba da nisa ba, a Dandaji, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu.

Katangar da ke zubewa da damina yawanci an yi ta ne ba harsashi mai kyau, da ƙasar da ba a cuɗa ta nuna ba, a wurin da ruwa ke kwanciya. Bulon da aka yi wa rowar siminti ma haka yake zubewa, kuma mun sha gani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka manta cewa kowane abu a fuskar gidan gargajiya da aikinsa. Kaurin bango yana riƙe zafin rana, ba ya barinsa ya ratsa ɗaki sai dare ya yi nisa. Ƙananan tagogi da ke sama suna rage ƙurar hunturu, suna kuma kare idon mai wucewa. Indararo yana jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Makuba, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, tana hana ruwa cin yaɓe. Shi kuwa zaure, nan baƙo ke tsayawa, nan maigida ke ganawa da mutane ba tare da an keta sirrin cikin gida ba. Yau an cire shi, sai ka ga magidanci yana karɓar baƙinsa a tsaye bakin get, jikin mota.

Gaskiyar masu suka ita ce ginin ƙasa yana son kulawa, azarar giginya ta yi tsada, ƙwararrun magina kuma sun ragu. Akwai ma kuskuren da masu son gargajiyar ke yi da kansu: su shafe bangon ƙasa da siminti, danshi ya maƙale a ciki, shafen ya ɓamɓare falle-falle. Wasu kuma su kafa zanko huɗu da tambarin dagi a kan gidan kwano mai zafi su ce sun yi na gargajiya. Wannan kwalliya ce kawai.

Ba cewa nake kowa ya koma kwaɓa tubali ba. Ana iya zuba harsashin kankare, a ɗora bulon ƙasa matsattse, a yi rufin da ke ba bango inuwa, a bar wa zaure gurbinsa. Mai shirin gini, kafin ka miƙa wa magini hoton waya, ka shiga Gidan Ɗan Hausa a Kano ko unguwar Birni a Damagaram da tsakar rana a bazara, ka zauna rabin sa'a, sannan ka yanke shawara.