Amsoshin Takardunku: A Rushe Tsofaffin Gine-ginen Siminti Ko A Gyara Su?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Gangara a ƙaramar hukumar Jibiya, ya rubuto yana cewa in ya shiga Katsina ko Kano ko Maraɗi yakan ga manyan gine-ginen siminti na zamanin samun 'yancin kai, sun yi baƙi, wasu sun tsattsage. Ya ji ana gardama wai kada a rushe su don tarihi ne. Shi ne yake tambaya, ina tarihi a jikin siminti, tun da ba ganuwa ba ce, ba kuma hasumiyar Gobarau ba?

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka. Irin ginin da kake magana a kai ya samo asali ne a Turai wajen 1920, inda magina suka ce a bar yawan ado, a yi gini miƙaƙƙe da siminti da rodi da gilashi, wanda zai biya bukatar da aka yi shi dominta. Ya shigo mana sosai daga 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ake ta gina makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati. Wasu Turawan Ingila biyu, miji da mata, Maxwell Fry da Jane Drew, su suka zana gine-ginen farko na Jami'ar Ibadan, da kuma filin wasa na Ahmadu Bello a Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ita ma tana da irinsu da yawa.

In ka sake wucewa ta kusa da ɗaya, ka tsaya ka duba da kyau. Za ka ga baranda mai faɗi, da bulo mai huji-huji, da tagogi suna kallon juna, da rufi da ya zarce bango don ya yi masa inuwa. Sau da yawa dogon bangon yana fuskantar kudu da arewa, don kada ranar hantsi da ta la'asar su dake shi. Duk dabarar maganin zafi ce ba tare da lantarki ba, kamar dai yadda zaurenka na ƙasa yake da sanyi a watan bazara. Gine-ginen gilashi na yanzu kuwa, da an ɗauke wuta sai kowa ya fito waje yana fifita.

Masu cewa a rushe suna da hujjarsu. Siminti ba ya dawwama. In ruwa ya ratsa shi, rodin ciki sai ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa dakin, har ya iya ruftowa kan mutane. Ga filin tsakiyar birni da tsada, ga shi kango yakan zama maɓoyar ɓata-gari. Wasu kuma suna ganin ginin baƙi ne, bai gaji fasahar maginanmu ba.

Masu cewa a bari su ma suna da tasu. Na ɗaya, kuɗin jama'a aka zuba, yawancinsu a Arewa kuɗin gyaɗa da auduga ne, wato gumin manoma irin iyayenka. Na biyu, in gindin gini da ginshiƙansa suna da lafiya, gyara ya fi sabon gini sauƙi. Na uku, sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, saboda haka rushe mai kyau a sake wani asara ce biyu. Na huɗu, tarihi ba ya tsayawa a kan ganuwa. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, a lokacinta sabon abu ce. Da an rushe ta, da yau babu gidan tarihin da ke wurin. Hukumar UNESCO ma a 2017 ta sa birnin Asmara na ƙasar Eritiriya cikin kayan tarihin duniya saboda irin waɗannan gine-gine na zamani.

Ga misali biyu ka auna. Otal ɗin Durbar na Kaduna an gina shi ne don bikin FESTAC na 1977. Ya daɗe a yashe ana shari'a kan mallakarsa, sannan gwamnatin jiha ta rushe shi a watan Janairu na 2020. A ƙetaren iyakarku kuwa, a garin Dandaji na jihar Tawa, an so a rushe tsohon masallacin Juma'a na ƙasa a gina sabo. Sai wata mai zanen gine-gine 'yar Nijar, Mariam Issoufou Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi, aka gama a 2018. Na ƙasa ne, amma darasin ɗaya ne: ginin da aka samar wa aiki shi ke rayuwa.

Saboda haka ba kowane tsohon gini ne ya cancanci a bari ba, ba kuma kowanne ne na rushewa ba. Wannan magana har ƙauye ta shafa. In an zo rushe tsohon aji ko ɗakin shan magani ko rumfunan kasuwa a garinku, ku da dagaci ku tambayi abu uku. Shin injiniya ya duba ya ce ginin ba ya gyaruwa? Shin ba za a iya mayar da shi shago ko ma'ajiyar taki da hatsi ba? Kuma an ware kuɗin sabon, ko fili za a bar muku? Ku riƙa share indararo da toshe yoyo kafin damina, don ruwa ne babban abokin gaban siminti. In kuma rufin na asbestos ne, farin nan mai kama da siminti, kada yara su fasa shi, ƙurarsa tana lalata huhu.

Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Da fatan mai tambayarmu na Gangara ya gamsu, a gaida mutanen Jibiya baki ɗaya.