GUBAR FUMFUNA A CIKIN GYAƊA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin shekarar 1911, shekara ta zagayo kuwa aka soma ɗaukar gyaɗa zuwa Ikko. Tun daga sa'an nan ta zama abin da talakan ƙasar Kano ke biyan haraji da shi, ya yi sutura, ya aurar da 'ya'yansa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar nan mai kuturtar da gyaɗa wadda ta auku a 1975, su suka rushe dalar gyaɗa, kāna aka soke hukumar cinikinta a 1986. Amma manoman Bichi da Dambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa ba su daina shuka ta ba. Abin da ya sāke shi ne, yawancinta yanzu a gida ake cinyewa, a mai da ƙuliƙuli da kunu da miya. Saboda haka duk aibin da ke cikinta, a cikin mutanen ƙasa yake ƙarewa.

Yadda aka gano gubar

A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a gonakin Ingila ba a san dalili ba. Da masana suka bi sawu, sai suka tarar an ciyar da su da tunkuzar gyaɗa wadda aka kawo daga Barazil, a cikinta kuwa akwai wata irin fumfuna mai suna Aspergillus flavus. Ita fumfunar a cikin ƙasa take zaune, idan ta kama ƙwaya sai ta zuba mata wata guba da ake kira afulatoksin. Banda gyaɗa, takan kama masara da barkono da angurya.

Abu uku ya kamata a riƙe game da gubar nan. Na fari, ido ba ya ganinta, ƙwaya tana iya zama da kyan gani alhali tana ɗauke da ita. Na biyu, suya da dafuwa irin ta gida ba su kashe ta. Na uku, idan aka matse mai, mafi yawanta a cikin tunkuza take zama, watau a cikin ƙuliƙulin da yara ke saye a ƙofar makaranta.

Ɓarnar da take yi

Hanta take nufa. Wanda ya ci da yawa a lokaci guda, idonsa ya yi shawara, cikinsa ya kumbura, yana iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. Haka ta faru a ƙasar Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da aka ajiye da danshi. Amma abin da ya fi yawa shi ne cin kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, wanda ke jawo ciwon dajin hanta, balle ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta a jininsa. Binciken da aka yi a ƙasashen Benin da Togo ya nuna yaran da gubar ta yi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Tana kuma bi ta nonon uwa, da nonon saniyar da aka ba ruɓaɓɓiyar tunkuza.

Abin da ya sa arewacin Kano ke cikin haɗari

Ƙasar nan jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, damina kuwa takan ɗauke da wuri. Idan ruwa ya yanke gyaɗa tana cikin nuna, ƙasa ta yi zafi, sai ɓawo ya tsage, gara ta huda shi, fumfuna ta sami ƙofa. Ga shi kuma mutane sun yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, ba a barin saura, ana maimaita gyaɗa a wuri ɗaya. Da kaka ayyuka sukan haɗu wa magidanci, ga girbin gero ga roron wake, sai ya bar gyaɗa ta wuce lokacinta a ƙasa, ko ya tuge ta ya tara ta tsibi guda raɓa na sauka a kanta.

Ciniki da amana

Ƙasashen Turai ba su karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce kashi 4 cikin kashi miliyan dubu. Ƙwaya kaɗan masu ɓarna sun isa su sa a mai da buhu duka. Ɗan kasuwar da ya sayi kaya a Dawanau don fitarwa ya san haka, shi ya sa yake tsince mai kyau. To, tsintuwar da ya ware ba zubarwa ake yi ba, araha ake sayar wa mata masu ƙuli da masu kiwon kaji. Ta haka lafiyayya ke tafiya waje, mai gubar ta komo ƙauye.

Akwai kuma masu yayyafa wa gyaɗa ruwa don ta yi saukin ɓarewa, ko don ta yi nauyi a sikeli, da masu zuba tsohuwa a gindin buhu su rufe da sabuwa. Wannan algus ne, shari'a ta hana shi, nan kuwa hasarar ba ta tsaya ga kuɗin mai saye ba, har lafiyar iyalinsa take taɓawa.

Abin da ake so Hakimi ya yi

Kafin kaka, ya tara dagatai da masu unguwanni da sarakunan noma, malamin gona yana wurin, a karanta musu waɗannan:

1. A shuka irin da ke nuna da wuri, kamar waɗanda Cibiyar Binciken Noma ta Samaru, Zariya, ta fitar.
2. A tuge gyaɗa da zarar ta nuna, a kifa ta 'ya'yan suna kallon rana.
3. A shanya a kan tabarma ko leda har ƙwaya ta riƙa ƙara a cikin ɓawo.
4. Kada a jiƙa ta wajen ɓara.
5. A tsince mai baƙi da motsattsiya da wadda ƙwaro ya ci, a binne ko a ƙone, kada a ba yaro ko dabba.
6. A jera buhuna a kan itace, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

Akwai kuma wani magani mai suna Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Badun ta haɗa. Ƙwayar dawa ce aka lulluɓe da irin fumfunar nan marar guba, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako biyu ko uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Malamin Hakimi kuwa ya riƙa rubuta ranar da ruwa ya ɗauke a kowace gunduma, da ƙauyukan da fari ya kama gyaɗarsu, ya aika wa ofishin gona, domin nan ne ya kamata a fara dubawa. Sarkin kasuwa ya sa ido kan masu sayar da tsintuwa, limamai su yi gargaɗi ran Juma'a. Mata su ne masu ɓara da suya, saboda haka lalle bayanin ya shiga har cikin gida ta bakin ungozoma da malaman asibiti. Allah Ya kiyaye talakawa, Ya sa albarka a amfanin gona.