Kyakkyawan Fata da Lafiyar Hankalin Uwar Kurma: Misali daga Ƙasar Bagudo



Ƙasar Bagudo tana bakin Kogin Kwara a Jihar Kebbi, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Lolo. Tana cikin yankin da sanƙarau kan addaba da rani, cutar da ta hallaka mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a shekarar 1996. Daga cikin yaran da kan tsira daga sanƙarau ko ƙyanda, akwai waɗanda kan tashi ba sa ji. Fiye da kashi 90 cikin 100 na kurame kuwa, iyayensu masu ji ne. Ashe ke nan akasarin iyaye mata ba su da wani shiri sa'ad da abin ya auku.

Nauyin da ke kan irin wannan uwa ba ƙarami ba ne. Ga zargin kai, ga tsegumin kishiyoyi da maƙwabta, ga nisan asibiti. Idan damuwa ta daɗe, takan hana barci, ta kai ga yanke ƙauna.

A shekarar 1985 masana halin ɗan Adam biyu a Amurka, Scheier da Carver, suka fito da ma'aunin kyakkyawan fata. Binciken da ya biyo baya ya nuna mai sa ran alheri ya fi jure wahala, domin yakan tashi neman mafita. Amma fata iri biyu ne. Uwar da ta rataya nata ga warkewar kunne kaɗai, za ta yi ta yawon neman magani har ƙetaren iyaka, kowace tafiya tana ƙara mata baƙin ciki. Wadda ta rataya shi ga fahimtar ɗanta kuwa, kullum tana ganin ci gaba.

Hanyar fahimtar nan muna da ita tun kaka da kakanni, wato maganar hannu, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano, ta wallafa littafi kanta a shekarar 2000. Saboda haka, wajibi ne ma'aikatan lafiya da na ilmi a Bagudo, Ka'oje da Illo su haɗa iyaye mata da manyan kurame masu sana'a da iyali, su koya musu ita. Uwar da ta ga kurma yana noma, yana riƙe da gidansa, ta samu dalilin sa rai. Hankalinta in ya kwanta, ɗanta ne farkon mai cin moriya.