Dokar ajin manya: wa ke kafa ta?

 

Yau maganarmu a kan dokar aji ce. Kowace makaranta tana da doka, amma ta lakwal daban, ta ajin manya daban. A lakwal malami ke faɗi, yaro ya bi. In ya gudu, gobe ubansa ya koro shi. Babba fa, babu mai koro shi. Magidancin da ya baro rumfarsa, da uwar ƴaƴa biyar da ta sauke tukunya ta taho, da ƙafarsu suka zo. Ran da aka taɓa mutuncinsu, da ƙafarsu za su koma, ba su ce wa kowa uffan ba. Sai dai a ga gurbinsu a kan tabarma babu kowa.

Tun shekara ta 1963 ƙasarmu Nijar take da ma'aikatar yaƙi da jahilci. A karkara, ajin manya aikin rani ne. Ana buɗe shi bayan an kai hatsi rumbu, a rufe in damina ta kawo kai. Watannin ba su da yawa. Wanda ya yi fushi ya zauna gida mako biyu, baƙaƙe da yawa sun wuce shi, kuma da wuya ya dawo. Don haka ne muke cewa masu karatu su kafa dokarsu da bakinsu, malami ya rubuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Ku dubi manoman Jiratawa. Tun farkon shekarun 1980 suke noman rani a babban fili da ruwan famfo. Kowa ya san ranar da ruwa zai shiga gonarsa, ya san kuɗin da zai biya ƙungiya. In wani ya buɗe ruwa ba ranarsa ba, zogalar maƙwabcinsa ce za ta sha ƙishirwa. Aji ma haka yake. Allo ɗaya ne, malami ɗaya ne, lokaci kaɗan ne, sai an raba.

To, ranar farko kada a yi gaggawar fara baƙaƙe. A zauna tukuna. Malami ya yi tambaya biyu: me zai hana ku zuwa? Me zai sa ku ji kunya a nan? Ya bari kowa ya faɗi nasa, har wanda ke can ƙarshen tabarma. Abin da aka yarda da shi, a rubuta a babbar takarda da gajerun kalmomi, a liƙa a bango. Doka biyar ko shida ta isa. Ashirin, ko malamin ba zai riƙe su ba. Takardar nan kuwa ita ce za ta zama abin karatunku nan da ƴan makonni.

Abu na farko da za a daidaita shi ne lokaci. Litinin da Juma'a ranakun babbar kasuwar Maradi ne, Laraba kuma ta Tibiri. Wanda ya sa aji da hantsin ranar kasuwa, shi da allonsa za su yini. Maza sun fi son bayan sallar lisha. Mata da yawa sun fi son tsakanin azahar da la'asar, kafin a ɗora tuwon dare. Masu aji su suka san wannan, su za su yanke.

Sai maganar dariya, kuma a nan za mu daɗe, don ita ta fi korar mutane. Dattijo mai shekara hamsin ya tashi gaban allo, hannunsa na rawa, ya karanta "baba" inda aka rubuta "daba". Samari biyu suka tuntsire. Su wasa suke yi. Shi kuwa gobe zai gamu da su a masallaci, jibi a wurin suna, yana tuna sun ga kasawarsa. Ba zai sake tashi ba. Saboda haka dokar ta fito fili: ba a yi wa mai kuskure dariya. Kuma wanda ya riga ya gane, ya riƙe amsarsa har a tambaye shi, kada ya fizge ta daga bakin mai lalube.

Wani zai ce, to, taubasantaka fa? Bagobiri ya ga Bazabarme ya yi shiru? Bafillace ya ƙyale Babarbare? A'a, ba mu hana ba. Wasan nan gadonmu ne, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin kiyayewa a shekara ta 2014. Yana sa aji ya yi daɗi, barci ya gudu. Ka tsokani taubashinka a kan tuwo, a kan rawaninsa, a kan jakinsa. Amma in ya kama alli, wasa ya tsaya har ya ajiye.

Haka nan maganar harshe. Mutumin Tibiri zai ce "hita", littafi ya rubuta "fita". Zai ce "gidanai", littafi ya ce "gidansa". Dukansu Hausa ce. An zaɓi hanyar rubutu guda ne don na Maradi da na Damagaram da na Kano su karanta takardar juna. Kada wanda ya yi ci-rani a birni ya mai da bakin ɗan'uwansa abin ba'a.

Akwai kuma kunya irin tamu, wadda littafin malami bai faɗa ba. Mace ba ta kiran sunan mijinta, wata ba ta kiran na ɗanta na fari. In sunan ya fito cikin karatu ta yi shiru, ba rashin sani ba ne. A wuce ta, a ba ta wata kalma. Suruki da surukinsa kuwa, in aji ya haɗa su, a raba musu tabarma, kada a sa ɗaya ya gyara wa ɗaya. A ganina, inda hali ya yi, gara a sa su aji daban.

Wanda ya makara ya yi sallama sau ɗaya, ya zauna. Gaisuwar gida da gajiya da iyali ta jira a tashi. Salula a rage mata murya, mai kira na gaggawa ya fita waje. Mai goyo ta zauna kusa da ƙofa, in yaro ya yi kuka ta fita ta dawo, ba mai harararta.

Sau da yawa masu aji kan ce a sa tara: wanda ya makara ya biya dala biyar, wanda ya yi fashi dala goma. Ni ban goyi bayan tarar kuɗi ba. Mai hali zai biya yana murmushi, ya sake makara gobe. Talaka kuwa, ran da babu dala biyar a aljihunsa, sai ya ƙi zuwa ɗungum. Ga abin da ya fi: in an yi kwana biyu ba a ga mutum ba, shugaban aji da wani su je gidansa su gaishe shi. Wataƙila ciwo ne, wataƙila wata magana ce ta ɓata masa rai. In ya dawo, na kusa da shi ya nuna masa abin da ya wuce.

Malami ma doka ta hau kansa, kuma a rubuta tasa a takarda guda da ta kowa. Ya riga kowa zuwa. In zai yi tafiya ya faɗi tun da wuri. Kada ya kira babba da gatsau, ya ce Malam wane, Alhaji, Hajiya, Inna, Baba, kamar yadda ake kiransu a gari. Kada ya yi tsawa, kada ya nuna mutum da sanda. Abin da ya gani a littafin wani, kada a ji shi a bakin kasuwa.

Bayan wata guda a sake zama. Wannan karon ɗaya daga cikinku ne zai tashi ya karanta takardar bango da kansa. Dokar da ba ta yi amfani ba a soke ta, wadda aka manta a ƙara. In watan azumi ya shigo, ko aikin ban ruwa ya yi yawa, a sake duba lokacin.

Ku tattauna wannan a ajinku cikin makon nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.